Tsakanin New York da Jidda: Yadda Ake Auna Nisan Tafiyar Sama

Duk wanda ya shimfiɗa taswirar duniya a gabansa, ya nemo birnin New York na Amurka da birnin Jidda na ƙasar Hijaz, zai yi zaton cewa jirgin saman da ya tashi daga New York kudu maso gabas zai dosa kai tsaye, tun da yake Jidda ta fi kusa da tsakiyar duniya. Alhali kuwa arewa maso gabas yake fuskanta, ya bi gefen Kanada, ya ƙetare tekun Atlantika, ya ratsa ta Turai da Bahar Rum, kana ya gangaro Masar, ya haye Bahar Maliya. Nisan wannan hanya ya kai kimanin kilomita 10,200, wato ya ɗara rubu'in kewayen duniya kaɗan, domin kewayen nata wajen kilomita 40,000 ne.

Dalilin wannan kuwa shi ne Allah Maɗaukakin Sarki ya halicci ƙasa a dunƙule, taswira kuwa a shimfiɗe take, don haka ba makawa ta karkatar da haƙiƙa. Wanda ya kife ƙwarya, ya ɗaura zare tsakanin wurare biyu a bayanta, ya ja shi har ya yi tsam, zai ga inda zaren ya kwanta, to, nan ce hanya mafi gajarta, ko da a takarda ta fito a lanƙwashe.

Wannan ilmi ba baƙo ba ne ga malaman Musulunci, domin buƙatar sanin alƙibla ta sa sun zurfafa cikinsa tun da daɗewa. A zamanin Halifa Ma'amun aka aiki masana falaki zuwa sararin Sinjar domin su auna girman ƙasa, daga baya kuma, a shekarar 1025, Albiruni ya wallafa littafi a kan iyakance nisan garuruwa, inda ya fitar da alƙiblar birnin Gazna da hisabi. Da irin wannan hisabin ne Musulmin New York suke fuskantar arewa maso gabas in za su yi salla, wato jihar da jirgin Jidda yake dosa.

Sai dai nisa daban, tsawon lokaci daban. Jirgi yana cin wajen kilomita 900 a sa'a, amma akwai wata iska mai ƙarfi can sama wadda take kaɗawa daga yamma zuwa gabas, tana tura mai zuwa Jidda, tana tare mai komawa, har ya kasance zuwa ya ɗauki kimanin sa'a 12, komawa kuwa ta zarce haka. Haka nan yaƙi ko hadari yakan tilasta wa matuƙi ratse.

Saboda haka, ya kai mai karatu, idan kana son sanin haƙiƙanin nisan birane biyu, to, ka nemi dunƙulalliyar taswira ka auna a kanta, domin ita ce ta dace da surar ƙasa.