Kafin ka sayi lasifikar gwanjo mai rauni

Mai neman lasifika a Tebaram, ko ta ɗaki ko ta shago, yawanci sai ya dangana da kasuwar Tawa. A can zai tarar da sababbi ƴan Cana, da kuma na gwanjo irin su Sony, Pioneer da Technics, waɗanda kan biyo hanyar Ƙonni ko su zo cikin kayan ƴan ci-rani. Tsofaffin nan sun fi daɗin sauti, amma da wuya a samu wadda ba ta da tabo.

Ɓarnar da ido ke gani ita ce mai arha. Soson da ya kewaye bakin takardar lasifika yakan ruɓe bayan shekaru, zafin Adar kuma yana gaggauta masa, har in ka taɓa ya marmashe. Wannan yana karya kuɗin kaya ƙwarai, alhali mai gyaran rediyo zai kankare tsohon ya manna sabo. Ƴar yagewa a jikin takardar ma faci ne kawai, da gam mai laushi. Ban da sufa-gulu, domin yana sandarewa ya tsage wurin.

Abin tsoro yana ciki, wato naɗin siririyar wayar da ke kai da komowa a ramin maganaɗisu. Ka cire ragar gaba, ka baza yatsu kewaye da tsakiyar takardar, ka danna a hankali. In ta shiga ta fito shiru, madalla. In ka ji tana gurza kamar yashi, to wayar ta ƙone ko ta karkace, ko da yake wani lokaci ƙurar hunturu ce ta cika ramin. Sai ka ɗora batirin tocila mai volt 1.5 a kan wayoyin baya na ɗan lokaci: mai rai za ta yi "ƙwas" ta motsa. Mai mita ya auna. Wadda aka rubuta wa ohm 8 takan nuna 6 ko 7. Ana sake naɗi, amma ba kowane hannu ke mayar da sautin asali ba, kuma ladan aikin kan kusa kuɗin sayen.

Kada ka yarda mai kaya ya ƙure murya wajen gwaji, hayaniya tana rufe aibi. A rage, ka kai kunne kan ƙaramar lasifikar sama, don ita ke fara mutuwa. Akwatin da ya sha ruwa ya kumbura, ko gara ta ci, bar shi.

Saura abin da ke kashe lasifika bayan gyara. Ƙaramin ampilifaya da aka matsa wa, musamman in batirin sola ya yi sanyi, yana fitar da gurɓataccen sauti mai ƙona waya. Da ka ji murya ta fara shaƙewa, rage. A duba bayan ampilifaya kuma: in an rubuta volt 110 ko 120, kayan Amurka ne, wutar Nijar kuwa 220 ce, sai da taransifoma.