Ƙurajen Fuska da Maganin Kafso

Ran Talata in ka shiga kasuwar Mafara ba ka rasa ganin mai tallar magani, ko da tire a ka, ko ya baza hajarsa a tabarma rana na dukanta. Cikin masu tsayawa wurinsa har da samari da 'yan mata. Ba ciwon kai ya kawo su ba, ba kuwa zazzaɓi. Sai ka ga yarinya ta ɗan janye mayafi ta nuna kumatunta, ta ce a ba ta maganin ƙuraje. Mai talla kuwa ba ya cewa babu. Ya ƙirga mata kafso ja da rawaya guda shida, ya ƙulle a leda, ya ce ta sha biyu biyu. Haka a ke yi a Bakura, haka a Maradun.

To, jama'a, wannan kafso magani ne na gaske, likitoci ma suna ba da shi domin ƙurajen fuska. Amma yana da ƙa'ida, in an saɓa mata sai ya yi ɓarna. Mai gida da ya iya karatu ya karanta wa iyalinsa wannan takarda, musamman gidan da ke da 'yan mata da amare.

Abin da ke kawo ƙurajen

A cikin fatar mutum akwai 'yan ƙananan jakunkuna masu fid da maiƙo, suna da yawa a fuska da ƙirji da gadon baya. Maiƙon nan yana fitowa ta ƙofar gashi, ya sa fata ta yi laushi. Sa'ad da yaro ko yarinya suka kai balaga sai maiƙon ya yi yawa, ya haɗu da matacciyar fata ya toshe ƙofar. Akwai kuma waɗansu ƙwayoyin cuta da ke zaune a fatar kowa, ba a ganinsu sai da madubin likita. In ƙofa ta toshe sai su sami wurin hayayyafa, wurin ya kumbura, ya yi zafi, wani lokaci ya tara mugunya.

Ke nan ba ƙazanta ba ce, ba sammu ba ne, ba a kuwa ɗauka daga wurin wani. Kada a tsangwami yarinya a ce ba ta wanka. Yawan dirza fuska da soso ma ƙara su ya ke yi. Matsa su da farce shi ne ke barin baƙin tabo, wanda a fatarmu ya kan yi watanni bai ɓace ba, wani kuma ya bar rami har tsufa.

Akwai abu biyu da mutane ke jawo wa kansu. Na ɗaya man bilicin. Da yawa daga cikinsu akwai wani magani mai ƙarfi a ciki da a ke kira sitiroyid, wanda ke sa fata ta yi sirara, ƙuraje su feso. A 2023 hukumar NAFDAC ta yi shela cewa bilicin ya zama babbar matsalar lafiya a ƙasar nan. Na biyu ƙwayoyin sa ƙiba da a ke ba 'yan mata gab da biki, su ma sau da yawa sitiroyid ne. Wadda ke shafa wancan ko shan wannan, ko ta sha kafso buhu guda ba za ta ga sauƙi ba sai ta rabu da su. Wadda ta daɗe tana shan ƙwayoyin ƙiba kada ta yanke rana ɗaya, ta je likita ya rage mata sannu sannu.

Wa ya kamata ya sha kafso?

Ba kowa ba. Mai 'yan ƙuraje kaɗan, farare ko masu baƙin kai, ba ya bukatarsa ko kusa. Ya wanke fuska da sabulu mara ƙarfi safe da yamma, ya bar lafta mata mai mai nauyi, in ya ga ba su tafi ba ya nemi man shafawa da a ke rubuta wa suna Benzoyl Peroxide a jikin kwali. Man nan yana kashe ƙwayoyin cutar, yana buɗe ƙofar da ta toshe. Da fari ya kan busar da fata, kuma yana cin launin tufa, sai a yi hattara da mayafi da rigar matashi.

Maganin sha na wanda ƙurajensa suka yi yawa ne, manya masu zafi, ko suka bazu har baya da ƙirji, ko suka fara barin tabo. Wanda likitoci suka fi bayarwa yanzu sunansa a kwali Doxycycline, mu ce doksisaikilin. Ƙanen tetarasaikilin ne, watau kafson nan ja da rawaya da kowa ya sani. An fara samo danginsu ne daga cikin ƙasa a Amurka wajen 1945, doksisaikilin kuwa ya shigo hannun likitoci a 1967.

Ga inda mai tallar kasuwa ya kuskure. Ƙurajen fuska ba su jin magani cikin kwana uku. Sai an yi mako shida zuwa takwas ana sha kullum kafin a ga canji. Galibi likita ya kan rubuta na wata uku, sa'an nan ya sake duba mutum ya tsai da shi. Kuma ba a shansa shi kaɗai, dole a haɗa da man shafawar nan, a ci gaba da man bayan an gama kafso, domin shi ke hana su dawowa. Guda shida a ƙullin leda asarar kuɗi ce kawai, da wata ɓarnar da za mu zo kanta.

Yadda a ke sha

A haɗiye shi da ruwa cike da kofi, ana zaune ko ana tsaye, kada kuma a kwanta sai bayan rabin awa. Wannan ba maganar wasa ba ce. In kafson ya maƙale a hanyar abinci ya narke a wurin, sai ya ƙone ta ya yi gyambo, mutum ya wayi gari da zafin ƙirji, ko ruwa ya kasa haɗiya. Da watan azumi abin ya fi faruwa, don wani ya kan jefa shi a baki da sahur, ya kurɓi ruwa kaɗan, ya koma shimfiɗa. Ya fi kyau a sha bayan an ci abincin buɗe baki.

Doksisaikilin ya kan tā da zuciya in ciki ba kome, saboda haka a sha shi da abinci. Tetarasaikilin kuwa akasin haka ne, ana shansa awa ɗaya kafin cin abinci, ko awa biyu bayansa. Babban abokin gabansa nono. In mutum ya kora shi da fura da nono, ko madara, sai nonon ya kama maganin a cikin hanji, su fice tare bai shiga jini ba. Haka ƙwayar ƙarin jini da farin ruwan nan na maganin olsa, suna hana dukansu biyu aiki. A raba tsakaninsu da awa biyu ko uku.

Sai rana. Doksisaikilin yana sa fata ta kasa jure zafin rana, ta ƙone, ta yi duhu. Farar fata ta fi shan wahalar wannan, amma mu ma ba mu tsira ba, balle wadda bilicin ya riga ya cinye fatarta. Samarinmu kuwa a gona su ke yini. Tun da aka gama madatsar Bakolori a 1978, noman rani ya zama sana'ar ƙasar nan, yaro na cikin fadamar shinkafa tun hantsi har la'asar. Wanda ke shan maganin ya sa malfa da riga mai dogon hannu.

Kada a sayi wanda ya kwana a rana, ko wanda aka ɓare daga kwalinsa ba a san ranar lalacewarsa ba. Tun wajen 1963 likitoci suka gane tsohon tetarasaikilin da ya lalace yana iya taɓa ƙoda.

Mai ciki, mai goyo da ƙananan yara

Nan ne muka fi so a buɗe kunne. Mace mai ciki ba ta shan tetarasaikilin ko doksisaikilin domin ƙuraje. Maganin yana bin jini ya kai ga ɗan da ke ciki, ya zauna a ƙashinsa da haƙoransa da ke tsirowa. In yaron ya fid da haƙora sai a gan su rawaya ko ruwan toka. Haka in an ɗura wa yaron da bai kai shekara 8 ba tetarasaikilin, haƙoransa na girma su ke rinewa, kuma ba asuwakin da zai fid da wannan launi har abada. Uwayen da ke ɓare kafso su zuba wa jariri a koko don gudawa su daina. Maganin gudawar yaro ruwan gishiri da sukari ne da ƙwayar zinki. Mai goyo ma kada ta yi watanni tana sha.

Amarya ita ce abin tsoro. Ana gobe biki kowa na so fuskarta ta yi sumul, sai a fara ba ta kafso, ta tare da shi a ɗakinta, ta sami ciki ba ta sani ba tana ta sha. Duk wadda wata ya wuce ba ta ga al'ada ba ta tsai da shi, ta je awo ta gaya wa ungozoma. In lalle sai mai ciki ta sha magani, akwai wani daban, eritiromaisin, amma likita ne zai yanke wannan. Akwai kuma wata ƙwaya mai ƙarfi ƙwarai ta ƙurajen da suka gagara, a kwali Isotretinoin, wadda ke nakasa ɗan ciki mummunar nakasa. Ba a haɗa ta da kafson nan, ba a kuwa karɓarta sai daga hannun likitan fata.

Alamun da za a tsai da magani a tafi asibiti

Ɗan tashin zuciya ko sakin ciki na kwana biyu ba abin damuwa ba ne. Waɗansu mata kuma su kan sami ƙaiƙayin gaba da farin ruwa, domin maganin yana kashe har ƙwayoyin da ke tsare jiki. Wannan yana da magani, kada kunya ta hana faɗa. Amma ciwon kai mai tsanani da ba ya sauka, tare da gani dishi-dishi ko biyu biyu, wannan a tsai da magani ran nan a tafi asibiti, domin yana iya taɓa ido. Haka kumburin fuska da leɓe, da borin jini, da wahalar numfashi, da gudawa mai yawa ko mai jini, da ido ya yi rawaya. Waɗansu kuma Septrin su ke sha domin ƙuraje. Wani in jininsa bai karɓe shi ba sai fata ta saluɓe, baki da ido su yi gyambo, har a rasa rai.

Abin da ya shafi gari duka

Ƙwayoyin cuta suna da wayo irin nasu. In aka sha magani kaɗan aka bari, masu rauni su mutu, masu taurin kai su saura su hayayyafa, gobe maganin ba ya jin su. Baturen da ya gano fenisilin, Alexander Fleming, ya yi wannan gargaɗi tun 1945. Masana sun ƙiyasta a 2019 kaɗai mutum fiye da miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu suka mutu a duniya saboda cututtukan da suka daina jin magani, kuma Afirka ta Yamma ta fi ko'ina shan wannan wahala.

Kafson da yarinya ta sha domin kumatunta ba a fuska kaɗai ya ke aiki ba, har ƙwayoyin cikin hanjinta yana koya musu jure shi, su kuma su bi bayan gida da ruwa su kai ga maƙwabta. Doksisaikilin ɗin nan shi ne a ke ba wanda amai da gudawa ya kayar, bayan ƙarin ruwa. A 2021 kwalara ta kashe mutum fiye da 3,000 a Nijeriya, Zamfara na cikin jihohin da ta fi taɓawa, a daminar 2025 kuma ta sake ɓullowa. Ran da za ta dawo muna so mu tarad da maganin yana da sauran ƙarfi.

Wanda ƙurajensa suka dame shi ya fara da asibitin da ke kusa da shi, ko babban asibitin Talata Mafara, ko na Bakura, ko na Maradun. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura shi Gusau, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. A tafi da duk man da a ke shafawa da kwalin duk maganin da a ke sha, a nuna wa likita. Ƙurajen da suka feso dare ɗaya tare da zazzaɓi kuwa ba na balaga ba ne, watakila ƙyanda ce ko ƙarambau, kada a kwana ba a kai mai su asibiti ba.