Kafin a Ɗaure wa Yaronku Hannu: Abubuwan da Likita Ke Dubawa a Jikin Matashin Ɗan Dambe

Da zarar an kammala aikin gona, kaka ta shigo, filayen dambe kan cika a Gusau da garuruwan da ke kewaye da ita irin su Tsafe da Bungudu. A irin wannan lokaci ne manyan 'yan dambe ke sa ido a kan samari masu tasowa. Idan suka ga yaro mai tsayi, mai dogon hannu, marar tsoro, sai su ce wannan zai yi nisa, su ɗauke shi ya zama shagon wani ko autan wani. Dambe tsohuwar al'ada ce a ƙasar Zamfara da Sakkwato, kuma har gobe ana tuna Shago da Ɗandunawa saboda waƙoƙin da Ɗan Anace ya yi musu.

Amma abin da maigidan dambe ke gani daban, abin da likita ke nema daban. Maigida yana auna ƙarfin naushi da dakewar zuciya. Likita kuwa yana tambayar ko jikin yaron ya kai ya ɗauki abin da za a ɗora masa. Idan ɗanku ko ƙanenku ya fara ɗaura zare, ga abin da ya kamata ku sani kafin ya shiga turmin farko.

Darasi daga Amurka

A Amurka akwai wasan besbol, inda ɗan wasa guda ke jifa da ƙwallo da hannu ɗaya cikin matuƙar ƙarfi. Ƙungiyoyi na tura masu farautar 'yan wasa su duba samari masu jifa, kuma abin da ya fi ɗaukar hankalinsu shi ne gudun ƙwallon. Daga baya likitoci suka lura cewa yara da yawa masu hazaƙa suna lalata gwiwar hannu da kafaɗa tun ba su kai ko'ina ba, saboda yawan jifa ba hutu. Aikin tiyatar da ake yi wa jijiyar gwiwar hannu idan ta tsinke, wanda Dokta Frank Jobe ya fara yi wa wani babban ɗan wasa mai suna Tommy John a 1974, sai ga shi ana yi wa 'yan makarantar sakandare.

Wannan ya sa a 2007 hukumar wasan yara ta Little League ta ƙayyade yawan jifan da yaro zai yi a rana gwargwadon shekarunsa. A 2014 kuma aka fito da ƙa'idojin Pitch Smart, waɗanda suka ba da shawarar yaro ya huta da jifa na aƙalla wata huɗu a shekara. Ɗan dambe da mai jifan besbol sun yi tarayya a abu guda: dukkansu hannu ɗaya suke wa aiki, kuma yaron da ya fi ƙwarewa shi aka fi sawa ya yi ta yi, don haka shi ya fi saurin lalacewa.

Shekaru da ƙashi

Ƙashin yaro ba irin na babba ba ne. Kusa da ƙarshen kowane dogon ƙashi akwai wani siririn guringuntsi, daga nan ne ƙashin ke ƙara tsawo. A wajen maza, yawancin waɗannan wurare ba sa gama rufewa sai tsakanin shekara 15 zuwa 18. Wannan ne ma dalilin da ya sa FIFA ta fara ɗaukar hoton MRI na wuyan hannu don tantance shekaru a gasar 'yan ƙasa da 17 ta duniya da aka yi a Najeriya a 2009.

Muddin guringuntsin bai rufe ba, shi ne wuri mafi rauni a hannun yaro. Bugun da zai jawo wa babba targaɗe kawai zai iya karya yaro a daidai wurin, kuma idan aka ɗora shi ba daidai ba, hannun zai iya karkacewa ko ya gajarce. Girman jiki ba ya nuna cewa ƙashi ya nuna. Yaro ɗan shekara 14 zai iya kai babansa tsawo alhali ƙashinsa ɗanye ne.

Likita zai taɓa wuyan hannu, gwiwar hannu da kafaɗa, ya kwatanta hannun da ake ɗaurewa da na kariya. Zai kuma duba bayan hannu, domin ƙashin da ke ƙarƙashin ƙaramin yatsa shi ya fi karyewa wajen naushi. Ciwon da ke sa yaro ya nuna wuri guda da yatsa, ko kumburin da ya ƙi saɓewa, ko hannun da ya kasa miƙewa sosai, duk suna bukatar hoton ƙashi kafin a tafi wurin mai ɗori.

Zuciya

Ranar 12 ga Agustan 1989, Samuel Okwaraji ya yanke jiki ya faɗi a filin wasa na ƙasa da ke Legas ana tsakiyar wasa da Angola, ya rasu yana da shekara 25. A 1996 kuma, bayan Nwankwo Kanu ya ciwo zinare a gasar Olamfik ta Atlanta, gwajin likitocin ƙungiyar Inter Milan ya gano matsala a wata ƙofar zuciyarsa. Aka yi masa aiki a Amurka, ya dawo ya yi shekaru yana buga ƙwallo. Dukkansu biyun a ido lafiyayyu ne ƙarfafa.

Saboda haka likita zai tambaye ku:

- Yaron ya taɓa suma ko jin jiri yana tsakiyar gudu ko aiki?
- Yana jin ciwon ƙirji, ko bugun zuciya da ba na ƙa'ida ba, ko numfashinsa na yankewa kafin na sa'o'insa?
- A danginku akwai wanda ya yi mutuwar fuju'a kafin ya kai shekara 50?
- Ya taɓa yin ciwon maƙogwaro da zazzaɓi sannan gaɓoɓinsa suka kumbura? Wannan kan bar tabo a ƙofofin zuciya.

Ku faɗi gaskiya ko da yaron yana harararku. Bayan tambayoyin za a auna hawan jini, a saurari zuciya, idan akwai shakka a tura ku gwajin ECG ko hoton zuciya.

Jini da ciki

Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan Najeriya suna ɗauke da jinotaif AS. Mai AS ba mai sikila ba ne, kuma zai iya motsa jiki, sai dai atisaye mai tsanani a cikin zafi irin na watan Maris zuwa Mayu, ba tare da isasshen ruwa ba, zai iya jefa shi cikin haɗari. Ya riƙa shan ruwa, ya tsaya da zarar ya ji jikinsa ya mutu. Mai SS ko SC kuwa, dambe ba nasa ba ne.

Likita zai kuma lalubi ciki. Maleriya da ke yawan dawowa kan kumbura saifa, kuma kumburarriyar saifa na iya fashewa da naushi ko shuri guda a haƙarƙarin hagu, jini ya zuba a cikin ciki ba a gani ba. Yaron da ke da zazzaɓi, ko bai daɗe da tashi daga shi ba, kada ya shiga fili.

Dambe wasa ne da jini ke fita. Shi ya sa ake son a yi gwajin ciwon hanta nau'in B da C da na ƙanjamau. Idan ba ya ɗauke da ciwon hanta nau'in B kuma ba a taɓa yi masa rigakafi ba, allura uku ce ake yi. A tabbatar kuma ya samu rigakafin tetanus. Tsagar da wasu ke yi a hannu ana cusa magani ba ta ƙara ƙarfin ƙashi ko tsoka. Idan reza ɗaya ta bi mutum biyu, hanyar cuta ce kai tsaye.

Ƙwaƙwalwa

Nan ne babbar damuwar. Karaya kan ɗoru, amma ƙwaƙwalwa ba ta da mai ɗori. A dambe ana neman kisa ne, wato a kai abokin karawa ƙasa, kuma mafi saurin hanya ita ce naushi a ka ko a haɓa. Kowane irin wannan naushi yana girgiza ƙwaƙwalwa a cikin ƙoƙon kai. Ba sai yaro ya suma ba ne ƙwaƙwalwarsa ta bugu. Yawancin waɗanda suka bugu ba sa suma.

Ƙwaƙwalwar matashi ta fi ta babba jinkirin murmurewa. Idan ya sake shan wani naushi kafin ta warke, tana iya kumbura nan take, abin da kan kai ga mutuwa ko naƙasa, ko da yake ba kasafai yake faruwa ba. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa a 2011 ƙungiyoyin likitocin yara na Amurka da Kanada suka fito fili suka ce ba su goyon bayan yara da matasa su yi dambe. Mu ma shawararmu ita ce: yaron da bai kai shekara 18 ba ya tsaya a motsa jiki da koyon tsayuwa da kariya, kada ya shiga damben da ake bugun kai.

Wanda ke da farfaɗiya, ko ido ɗaya kawai ke gani sosai, ko an taɓa yi masa aiki a ka ko a ido, bai kamata ya yi dambe ba ko shekarunsa nawa.

Alamomin da ba a kwana da su

Ku garzaya asibiti idan bayan naushi a ka kun ga ɗaya daga cikin waɗannan:

- suma, ko da na ɗan lokaci ne
- amai fiye da sau ɗaya
- ciwon kai da ke ƙaruwa
- barci mai nauyi da wuyar tashi, ruɗewa, ko magana ba kan gado
- jijjiga
- mutuwar hannu ko ƙafa, ko ciwon wuya mai tsanani
- jini ko ruwa daga kunne ko hanci
- gani biyu-biyu ko dushewar gani

Ku lura: mutum zai iya faɗuwa, ya tashi yana dariya, bayan 'yan sa'o'i ya fita hayyacinsa saboda jini na taruwa a cikin kansa. Kada a bar shi ya kwana shi kaɗai a daren farko, kada ya hau babur. Idan kansa na ciwo a ba shi farasitamol kawai, ban da asfirin da dangoginsa masu ƙara zubar jini. Wanda ya faɗi yana kukan wuya kada a ɗaga shi a kafaɗa. A kwantar da shi a kan abu mai ƙarfi, kai da wuya a miƙe.

Idan kuna Tsafe ko Bungudu, ku fara da babban asibitin garin, kada ku tsaya neman mota zuwa nesa alhali ana iya ba shi taimakon farko. Daga nan za a iya tura ku Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko Asibitin Ƙwararru na Ahmad Sani Yariman Bakura. Idan abin ya kai ga tiyatar ƙwaƙwalwa, akwai sashenta a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato.

Ko da alamun masu sauƙi ne, ba ya komawa fili a ranar. A damben zamani, wanda aka sumar akan dakatar da shi aƙalla kwana 30. Komawa kuma daki-daki ake yi, bayan alamun sun gushe gaba ɗaya kuma likita ya amince.

Ƙwayoyi

Ku tambayi yaronku abin da ake ba shi kafin wasa. Tiramadol ba ya ƙara ƙarfi. Yana ɓoye ciwo ne, sai mutum ya ci gaba da naushi da karyayyen hannu. Yana iya haddasa jijjiga, yana kuma da wuyar bari. Magungunan ciwon jiki irin su diklofenak, idan aka yawaita su jiki ba ruwa, suna taɓa ƙoda da ciki.

Abin da ya rage gare ku

Ku kai yaron asibiti tun kafin lokacin dambe ya kama, ku tafi da katin rigakafinsa idan yana nan, kuma a maimaita dubawar kowace shekara. Ku zauna da maigidansa ku yi magana ta fahimta: kada a haɗa shi da wanda ya girme shi ko ya fi shi nauyi, kada ya yi dambe kwana biyu a jere, kuma ranar da ya ce hannunsa ko kansa na ciwo a kwance masa zare ba tare da gori ba. Yara da yawa na ɓoye ciwo don kada a kira su matsorata. Idan uba ko yaya ne ya fara cewa hutu ba abin kunya ba ne, yaron zai fi sakin jiki ya faɗi gaskiya.

Idan kuma likita ya ce dambe bai dace da shi ba, ku tambaye shi wane wasa ne ya dace. Sau da yawa akan samu wanda yaron zai yi ba tare da haɗari ba.

Allah ya ƙara mana lafiya, ya kare mana zuri'a.