Tufka da Warwara a Lissafin Shekaru: Nazarin Wasan Talabijin na Doctor Who

1.0 Gabatarwa

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu duba wata matsala da takan addabi labarin da ya yi tsawon rai, watau saɓanin da akan samu a lissafin shekarunsa. Domin yin haka mun zaɓi wasan kwaikwayon nan na talabijin mai suna Doctor Who, wanda gidan BBC na Ingila ya fara nunawa ran 23 ga Nuwamba, 1963. An yi ta nuna shi har 1989, aka yi masa fim ɗaya a 1996, sa'an nan aka farfaɗo da shi a 2005. Ƙagaggen labarin kimiyya ne. Tauraronsa, wanda ake kira Dakta, baƙo ne daga wata duniya, yana da jirgi mai suna Tardis da ke kai shi zamanin da ya shuɗe ko wanda bai zo ba tukuna. Dalilin zaɓen kuwa shi ne, labarin da ya ɗauki lokaci a matsayin jigonsa shi ya fi cancanta a bi masa lissafi.

2.0 Misalan Saɓani

Misali na farko, wanda ya fi kowanne shahara, ya shafi wata rundunar soja ta cikin wasan mai suna UNIT da shugabanta, Birgediya Lethbridge-Stewart. A labarin The Web of Fear, wanda aka nuna a 1968, an bayyana cewa wani shehin malami mai suna Travers ya yi karo da dodannin Yeti a ƙasar Tibet a 1935, kuma an ce abin ya wuce shekara arba'in da faruwa. Ashe ke nan labarin yana gudana ne a 1975 ko bayanta. A wannan lokaci Lethbridge-Stewart yana Kanar. A labarin The Invasion kuwa, na ƙarshen 1968, ya riga ya zama Birgediya mai jagorancin UNIT, ya kuma ce shekara huɗu ke nan da rikicin Yeti. In muka tara, mun isa 1979. Har wa yau a Pyramids of Mars na 1975, abokiyar tafiyar Dakta, Sarah Jane Smith, ta faɗa da bakinta cewa daga 1980 ta fito. Zuwa nan dai lissafi bai yi nisa da juna ba.

To, amma sai ga labarin Mawdryn Undead a 1983 ya zo da wani zance dabam. A cikinsa an nuna Birgediya yana koyar da lissafi a wata makarantar kwana a 1977, shekarar da aka yi bikin cikar Sarauniya Elizabeth shekara 25 a gadon sarauta, bayan ya bar aikin soja a 1976. Abin lura a nan shi ne, in duka biyun gaskiya ne, to mutumin ya yi ritaya daga rundunar shekara uku kafin mu fara ganinsa yana shugabancinta.

Misali na biyu shi ne na shekarun Dakta kansa. A 1967 ya ce yana da kimanin shekara 450. A 1975 ya ce wajen 750. A 1987 aka ba shi 953. Da wasan ya dawo a 2005, sai ya ce shekararsa 900, watau ya ƙara ƙuruciya maimakon tsufa.

Misali na uku ya shafi birnin Atlantis na almarar Girkawa. A The Underwater Menace na 1967 ruwa ne ya ci abin da ya saura na birnin saboda aikin wani masanin kimiyya mai taɓin hankali. A The Dæmons na 1971 wani halitta mai suna Azal ya ce mutanensa ne suka hallaka shi. Shekara ɗaya bayan haka, a The Time Monster, aka ɗora wa wani dodo mai suna Kronos alhakin rushe shi.

3.0 Dalilan Saɓanin

Muna ganin dalilai uku ne suka haddasa wannan al'amari. Na farko, yawan hannu. Marubuta da dama ne suka rubuta wasan, ƙarƙashin masu shiryawa daban-daban, kowa da inda hankalinsa ya karkata. Wasu sun ɗauka labaran UNIT a nan gaba kaɗan suke faruwa, wasu kuma sun ɗauke su a shekarar da aka nuna su.

Na biyu, larurar aiki. Tun asali an tsara Mawdryn Undead ne domin wani tsohon tauraron wasan, Ian Chesterton, wanda dama malamin makaranta ne. Da ba a sami ɗan wasan da ke fitowa a matsayinsa ba, watau William Russell, sai aka sa Birgediya a gurbinsa, aka bar shekarar 1977 yadda take. Ba a nan ne kawai larura ta juya akalar labarin ba. Rashin lafiyar William Hartnell, wanda ya fara fitowa a matsayin Dakta, ita ta sa a 1966 aka ƙago dabarar cewa Dakta yana iya sāke jiki da kama, Patrick Troughton ya gaje shi.

Na uku, rashin adana kayan tarihi. A wancan zamani babu bidiyo a gidaje, kuma ba kasafai akan maimaita abin da aka nuna ba. Daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa 1978 an goge kaset da yawa na wasan domin a sake ɗaukar wasu shirye-shirye a kansu. Marubucin 1983 ba shi da hanya mai sauƙi ta komawa ya ji abin da aka faɗa a 1968. A nan ne ma ƙasarmu ta shigo cikin zancen. A 2013 aka ba da sanarwar cewa wani mai binciken tsofaffin finafinai, Philip Morris, ya gano kashi tara da suka ɓata a wata tashar talabijin a Jos. Biyar na labarin The Enemy of the World ne, huɗu kuwa na The Web of Fear, wanda shi ne tushen lissafin da muka yi a sama.

4.0 Yadda Aka Tunkari Matsalar

Masu shirya wasan na baya-bayan nan sun bi hanya biyu. Ɗaya ita ce mayar da abin raha. A wani kashi na 2008 Dakta ya nuna shi kansa ya kasa tuna ko a shekarun 1970 ne ya yi aiki da UNIT ko a 1980. Ɗayar kuwa ita ce neman uzuri daga cikin labarin, kamar babban yaƙin da aka ce an yi a kan lokaci, wanda aka shigo da shi a 2005, da tsagewar da aka ce lokaci ya yi a 2010. Da irin wannan uzuri ana iya cewa tarihin ne da kansa ya sauya.

5.0 Kammalawa

Tambayar da ta rage mana, mu masu koyar da adabi, ita ce ko saɓanin lokaci aibi ne. Ra'ayinmu shi ne, amsar tana ga alkawarin da labari ya ɗauka. Ba mu taɓa jin yaro ya tuhumi mai tatsuniya ba don Gizo ya sha kashi a daren jiya ya kuma fito garau a daren yau, domin tatsuniya ba ta ambaci shekara ba, ta kuma kira kanta ƙarya tun kafin a tashi. Amma ranar da marubuci ya rubuta 1935 ko 1976, ya ba mai kallo ma'aunin da zai auna shi, kuma ba shi da bakin ƙorafi in an auna.

Saboda haka muna ba da shawara biyu. Ɗalibanmu su koyi rarrabe lokacin da labari ke gudana da lokacin da aka shirya shi, su kuma binciki yanayin aikin kafin su yanke wa marubuci hukunci. Masu rubuta wasanni masu dogon zango kuwa su riƙa ajiye littafin da ke ɗauke da shekarun taurari da jerin aukuwar abubuwa, a kuma adana kowane kashi da aka nuna. Da ba don finafinan da suka yi shekaru a ajiye a Jos ba, da masu nazarin wannan wasa sun ci gaba da dogara ga sauti da hotuna kawai wajen sanin abin da ya gudana a waɗannan kashi tara.