Kundin Gyara da Horon Hannu a Aikin Jirgin Sama

Tun 1956 kamfanonin jiragen sama na Amurka suka daidaita tsarin kundin gyara, suka ba kowane sashe na jirgi lambar babinsa. Babi na 32, alal misali, na ƙafafun sauka ne. Wahalar kundin takarda ita ce in sabon shafi ya zo sai an zare tsohon da hannu, wanda ya yi sakaci kuwa zai bi umarnin da aka soke. Kwamfuta ta rage wannan ƙwarai.

Amma a ganinmu gardamar takarda da kwamfuta ba ta taɓo tushen al'amarin ba. A 1990 gilashin gaban wani jirgin British Airways ya fice a sararin sama, iska ta fizgo rabin jikin matuƙin waje. Bincike ya nuna cewa 84 daga cikin noti 90 da aka ɗaura sun yi siranta, domin injiniyan da ido ya gwada su, bai duba kundin kayan gyara ba, alhali kundin yana nan. Ɗabi'ar dubawa kuwa a gindin jirgi ake koyonta, gaban malami, a makarantu irin kwalejin jiragen sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964.