Nawa Ya Kamata a Yanka wa Kwas ɗin Horar da Malaman Yoga?

A Rishikesh, garin da ke gindin tsaunukan Himalaya a arewacin Indiya, inda kogin Ganges yake saukowa daga duwatsu, da wuya ka bi titi ba ka ga allon tallar makarantar yoga ba. Kusan dukansu haja ɗaya suke sayarwa: kwas na awa 200 da ake gamawa cikin mako uku zuwa huɗu, a ba mutum takardar shaida, ya koma ƙasarsu ya fara koyarwa. Da dala 1,000 da 'yan kai ana samun gurbi a makarantu da yawa, har da ɗaki da abinci. Kwas ɗin nan dai a biranen Amurka yakan ci dala 2,000 zuwa 3,000 ko fiye, kuma ɗalibi shi zai ci da kansa.

Yoga motsa jiki ne da sarrafa numfashi da tattara hankali, asalinsa daga al'adun addinin mutanen Indiya, kodayake yawancin masu yinsa a Turai da Amurka don lafiyar jiki suke yi. Tun 2015 ake bikin ranarsa ta duniya kowace 21 ga Yuni, bayan Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da hakan a 2014. Ita kuwa awa 200 ɗin ba wata gwamnati ce ta sa ta ba. Wata ƙungiya ce mai zaman kanta a Amurka, Yoga Alliance, wadda aka kafa a 1999, ta tsayar da ita a matsayin matakin farko, kuma makarantu suna biyan kuɗi su yi rajista da ita. Sai ya zama kowa ma'auni ɗaya yake talla da shi, mai saye kuma ba abin da ya fi masa sauƙin kwatantawa irin farashi.

Nan ne sabbin masu buɗe kwas suke faɗawa rami. Malama ta leƙa ta ga maƙwabciyarta ta sa dala 2,500, sai ta sa 2,200 don ta janye ɗalibai, alhali ba ta san nawa waccan take biyan haya ba, ba ta ma san ko riba take ci ko uwar kuɗi take cinyewa ba. A ganina farashin maƙwabci shi ne abu na ƙarshe da za a duba. Na farko shi ne biro da takarda.

Mu ƙaddara wata malama ce a wani matsakaicin gari a Amurka, alƙaluman kuma na misali ne kawai. Akwai kuɗin da za ta kashe ko ɗalibi biyu ne suka zo ko ashirin. Awa 200 da za ta yi a gaban aji, in ta yanka wa kanta dala 50 a awa, dala 10,000 ke nan. Shirya darasi, duba aikin ɗalibai da amsa saƙonninsu, a ce awa 60, dala 3,000. Baƙon malamin da zai koyar da ilimin sassan jiki, ƙashi da tsoka da gaɓoɓi, 1,500. Zaure, 2,000. Talla, inshora da rajista, 1,500. Jimla dala 18,000. Sai kuma kuɗin da ke ƙaruwa da kowane ɗalibi: littafin darasi da za a buga masa, kayan aiki irin su tabarmar roba da ɗamara, da kamashon da kamfanin kati yake cirewa, wanda yakan kai kusan kashi 3 cikin 100. A ce dala 200 kowane mutum.

In ta sa dala 3,000, abin da ke shiga hannunta daga kowane ɗalibi 2,800 ne, sai ta samu mutum 7 kafin ta fita daga faɗuwa. In ta sauko zuwa 2,000, sai ta samu 10. Yanzu a ce mutum 12 suka zo. A farashin farko ribarta dala 15,600 ce; a na biyu 3,600. Wato ta rage kashi ɗaya cikin uku na farashi, amma fiye da kashi uku cikin huɗu na ribar ya tafi. Wanda bai taɓa zama ya yi wannan lissafin ba zai ɗauka rangwame ƙaramin abu ne.

Layi biyu a lissafin nan su aka fi tsallakewa. Na farko ladan ita malamar. Da yawa ba sa rubuta shi, suna cewa ai abin da ya rage nasu ne, sai a ƙarshen kwas su ga dala 13,000 su kira ta riba, alhali kuɗin guminsu ne kawai ya dawo. Ranar da rashin lafiya ta sa aka ɗauko wani ya koyar a madadinsu, ranar za su gane awannin nan ba kyauta ba ne. Na biyu zaure. Mai gidan yoga takan ce ai wurina ne, ba na biyan haya ta musamman. To amma duk Asabar da Lahadin da kwas ya cinye, azuzuwan da aka saba yi an soke su, kuɗinsu kuma bai shigo ba. Duk mai koyar da sana'a, ɗinki ne ko gyaran waya, ya san wannan: keken da ɗan koyo yake kai ba ya ɗinka kayan kwastoma.

Kuma farashin da aka rubuta a allo ba shi kowa yake biya ba. Ana yi wa masu biya da wuri ragi, ana ba mutum ɗaya ko biyu tallafi, wasu su biya kashi-kashi, a cikinsu kuma a samu wanda zai ɓace kafin kashin ƙarshe. Saboda haka da matsakaicin abin da zai shigo da gaske ake lissafi. Ragin biya da wuri yana da amfani, don yana nuna wa malama tun da sauran lokaci ko ajin zai cika, amma sai an sa masa ranar rufewa kuma an tsaya a kanta. In aka ɗaga ta sau ɗaya, shekara mai zuwa kowa zai zauna jiran ragi.

To yaya makarantun Rishikesh suke cin riba da arahar nan? Suna karɓar dala, suna kashe rupi. Albashin malamai da masu girki ƙasa yake, abincin kuma shinkafa ce da wake da ganye, don garin ba a sayar da nama a cikinsa. Suna kuma buɗe sabon aji kusan kowane wata, ga shi sun raba farashi: ɗakin mutum biyu da kuɗinsa, ɗakin mutum ɗaya da nasa. Duk da haka suna da nasu ciwon kan. Dillalan intanet masu kawo ɗalibai suna cire kamasho, damina kuma, wajen Yuli da Agusta, baƙi kan ragu. Malamar Amurka da ta ce za ta yi gasar araha da su ta ɗauko abin da ba za ta iya ba.

Annobar korona ta ƙara dagula kasuwar. A 2020 Yoga Alliance ta yarda a yi kwas ɗin ta intanet, sai ga kwasa-kwasan 'yan ɗaruruwan daloli, don bidiyon da aka ɗauka sau ɗaya ana iya sayar wa dubban mutane. A shekarar ce kamfanin YogaWorks, ɗaya daga cikin manya a Amurka, ya bayyana karyewar jarinsa. Mai koyarwa ido da ido sai ta faɗi abin da kuɗinta yake saya wanda bidiyo ba ya bayarwa: malama ta tsaya a kan ɗalibi ta gyara masa tsayuwar gwiwa, ta saurari yadda yake ba aji umarni, ta ce masa ya sake.

Wannan shi ya sa ban yarda da cika aji maƙil ba, ko da yake lissafi yana kwaɗaitar da hakan, tunda a farashin dala 3,000 bayan mutum na 7 kusan duk abin da ya shigo riba ne. Gidajen yoga da yawa da kuɗin wannan kwas suke toshe giɓin azuzuwan yau da kullum, sai su riƙa tura kowa ya shiga, har da wanda bai daɗe da fara yoga ba. Mutum 30 a hannun malama ɗaya ba za su samu gyaran da aka yi musu alkawari ba, kuma su ne za su ba na baya labari. In ana son ƙara ɗalibai, a ƙara mataimaki, a sa albashinsa a lissafi.

Saura abu ɗaya, kafin alƙalami. A karɓi wani kaso tun wajen rajista, a rubuta ƙarara ranar da ba a mayar da shi in ɗalibi ya fasa. Ita ma malama ta rubuta tata ranar: in wata ɗaya kafin farawa ba a kai mutum 7 ba, za a ɗage kwas ɗin, a mayar wa kowa kuɗinsa cif.