3.4 Ƙaura da Kwamfutar Kwaikwayo Zuwa Sabuwar Na'ura

Wannan sashe zai yi bayani a kan yadda ake kwashe kwamfutar kwaikwayo da bayanan da ke cikinta daga tsohuwar na'ura zuwa sabuwa. Abin da ake nufi da kwamfutar kwaikwayo shi ne kwamfuta wadda ba ta da gangar jiki, manhaja ce ke kwaikwayonta a cikin wata kwamfutar. Saboda haka a wannan nazari aka kira na'ura ta zahiri da sunan mai masauki, ta kwaikwayon kuma baƙuwa. Daga cikin manhajojin da ke wannan aiki akwai VMware, na kamfanin da aka kafa a Amurka a 1998, da kuma VirtualBox wadda kamfanin Innotek na Jamus ya fitar a 2007, ta koma hannun Oracle a 2010.

Muhimmancin al'amarin a Ƙaramar Hukumar Dawakin Tofa a fili yake. A nan ne kasuwar hatsi ta Dawanau take, inda lissafin buhuna da bashi da yarjejeniyar ciniki ke buƙatar adanawa. Ga kuma shagunan buga takardu da ke riƙe da takardun gonaki da na makarantu. Akwai tsofaffin manhajojin da ba sa aiki sai a kan Windows XP, wadda Microsoft ya daina kula da ita a Afrilun 2014. Hanyar ci gaba da amfani da su ita ce a saukar da Windows XP a matsayin baƙuwa. Idan mai masauki ya gaji saboda ƙura da zafi da rashin daidaiton wuta, tilas baƙuwa ta nemi wani masauki.

Matakin farko shi ne a kashe baƙuwar gaba ɗaya, ba a bar ta a tsaye da aiki a buɗe ba, domin sabuwar na'ura kan kasa ci gaba daga inda aka tsaya. Na biyu, a dunƙule ta a fayil guda mai suna OVA, wanda ya ƙunshi rumbunta da tsarinta. Na uku, a kwafe fayil ɗin a rumbun waje. A nan sai an lura, domin filasha mai tsarin FAT32 ba ta ɗaukar fayil da ya wuce gigabait 4. Na huɗu, a ɗora manhajar a sabuwar na'ura, a kunna VT-x ko AMD-V a cikin BIOS, sannan a shigo da fayil ɗin.

Akwai abubuwan da wannan ƙunshi ba ya ɗaukowa. Fayilolin da baƙuwa ke ara daga rumbun mai masauki suna nan a tsohuwar na'ura, sai an kwafe su daban. Haka nan zubin haruffa masu lanƙwasa da aka ɗora a kan mai masauki. A shekarun 1990, Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙiro zubin haruffan da ya ba da damar buga ɓ da ɗ da ƙ a kwamfuta. Takardar da aka buga da irin wannan zubi, in aka buɗe ta a inda babu shi, sai waɗannan haruffa su rikiɗe su koma wasu alamomi. Ke nan ana iya rasa bambancin ƙasa da kasa a takardar gona.

Daga ƙarshe, ba a goge tsohuwar na'ura sai an buɗe muhimman takardu a sabuwar, an tabbatar lissafi ya yi daidai. Hausawa na cewa ba a zubar da ruwan tulu don ganin hadari. Bayan an tabbatar, sai a share rumbun tsohuwar sarai kafin a sayar da ita, domin kada asirin ciniki ya faɗa hannun wani.